Barewar Kubura

A wani shagon kayan farauta a titin Gate City Boulevard da ke Amurka, wani dattijo ya tambayi Bahaushen da ke gefensa.

"Malam, wace kyamarar ɗaurawa a bishiya ce mai araha?"

"Wannan, Alhaji. Barewa na giftawa za ta ɗau hoto. Wace bindiga gare ka?"

"Ba harbi zan yi ba. Matata Kubura ta sha cewa barewa ke cinye mata yakuwa a bayan gida, ina ce mata zomo ne. Ta rasu bara. Bana na sake shukawa."

"Allah ya jiƙanta. To, in zomon ne ya fito fa?"

"Sai in dawo musu da kyamararsu. Ni so nake a ce ita ce da gaskiya."