Yau Aka Sallamo Yaya Rabi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Hadiza ce daga Azizya a Madina. Yau aka sallamo yayata Rabi daga asibiti!

Ranar Talata ciwon haƙori ya hana ta sakat. Ta yi ta shan farasitamol, ta haɗa da maganin mura, ashe shi ma akwai farasitamol a ciki. Na dawo daga aiki na tarar da kwalayen babu komai. Na ce mu tafi mustashfa, wato asibiti, ta ce, "Ke Hadiza, khalas, bar zancen, ai lafiyata lau." Na ja ta dole.

Likita ya tambayi lokacin da ta fara sha da adadin ƙwayoyin. Aka ɗebi jini, aka sa mata ƙarin ruwa mai maganin kare hanta. Ya ce mini, "Wannan magani ba ya nuna ɓarnarsa da wuri. Da kun jira ta galabaita, da hanta ta taɓu."

Jama'a, don Allah ku riƙa duba kwali kafin ku haɗa magunguna!

Ina gaida Maman Zainabu ta Ƙiblatain. Kunun da kika aiko, Yaya Rabi ta shanye tas, tana neman ƙari!