Ƙwayar da Ba a Sunkuya Mata

A bencin wani kantin magani a unguwar Aboabo, Wasilatu tana jujjuya kwalin ƙwaya, sai tsohuwar da ke gefenta ta leƙo.

"Mma, maganin ƙashi ne, na sati-sati?"

"Shi ne, Hajiya. Tun da al'ada ta ɗauke mini ƙasusuwana suka yi rauni. Amma mayar da shi na zo yi, ƙona mini ƙirji yake."

"Yaushe kike sha?"

"Da asuba, kafin salla."

"Sannan ki yi sujada, ki koma ki kwanta? Ai ba a sunkuyawa bayan an sha. Ni ma nas ce ta gyara mini. Fara yin salla tukuna, sannan ki sha da ruwa kofi guda, ki zauna a miƙe rabin awa kafin koko."

Wasilatu ta sake duban kwalin. "Wata biyu ke nan ban sha ba, ban gaya wa kowa ba. Allah ya saka miki da alheri."

"Amin. Dokta dai ki gaya masa. Ni kam godiya nake wa ƙwayar nan. Shekara talatin maigidana yana fama in zauna lazimi, ita ce ta zaunar da ni."