Ƙofar da 'Yan Sanda Suka Ɓalla

A bencin tasha, ana jiran mota ta cika, wani mai jar hula ya karkato wa matar da ke gefensa wayarsa.

"Hajiya, kalli fim ɗinmu, ni ne darakta. Nan ne maɓoyar 'yan daba, inda suke buga jabun kuɗi."

Ta leƙa don kar ta gwale shi. "'Yan daban naku 'yan gayu ne, har da labule mai furanni?"

"Hayar gidan muka yi kwana biyu. Mai gidan ya ce matarsa ta tafi jinyar mahaifiyarta."

Ta gyara zama. "Matso da wayar. Injin kuɗin nan ba keken ɗinki ba ne?"

"Shi ne, kwali muka kifa masa! Tsaya ki ga zuwan 'yan sanda. Duka ɗaya, ƙofa ta zube! Wallahi da gaske muka ɓalla ta."

"Ni kuwa ce min aka yi ɓarayi ne. Wata uku ina kwana da taɓarya a gefen gado."

Fara'ar darakta ta ɗauke. "Hajiya, ba dai ke ce..."

"Turo min fim ɗin, ƙanena. Yau tare da maigidana za mu kalla, tun daga farko."