Fentin Ustoz Tursunali Bai Bushe Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Domla, limamin unguwarmu, Allah ya ƙara lafiya. Farhod Zokirovich, shugaban kwamitin wannan gida na masu zane, sannu da zuwa. Dattawan unguwa, abokan sana'a, ɗaliban marigayi manya da ƙanana. Mavluda-opa, uwargidan marigayi, na san kina ji daga bayan labule tare da mata. Shuhrat, ɗansa kuma ɗanmu. Assalamu alaikum.

Ni ne Obid. An ba ni magana a sadakar arba'in ɗin Ustoz Tursunali saboda bango ɗaya ya raba ɗakin aikina da nasa, tun muna da gashi a ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, don haka zan fara da abin da kowa ya sani ya yi shiru. Kwamiti ya gaya wa iyali su kwashe ɗakin aikinsa nan da jibi. A cikin ɗakin akwai zanensa na ƙarshe, ya fi ƙofa girma, kuma fentinsa bai bushe ba.

Ya kasance mutum mai jinkirin da ke ba mu haushi. Mu mukan sayi yadi shiryayye a kanti, shi kuwa sai ya dafa danƙon fata da kansa, gidan nan duk ya ɗauki wari, ya kwaɓa da alli, ya shafe yadin, ya jira. Launinsa a kan dutse yake niƙawa. Mansa a kwalba yake shanyawa a taga har ya yi kauri kamar zuma. Sannan ya ɗora fenti siriri, ya bar shi ya sha iska, ya ɗora wani a kai, har fatar mutumin da ya zana ta fito kamar da jini a ƙarƙashinta. Haka aka koya masa a Leningrad yana saurayi, haka ya dawo da shi Tashkent, bai rage ko ƙwaya ba.

Ya kasance malami mai zafi. Ɗalibi yakan shafe rabin shekara yana zana kunnen mutum-mutumi kafin ya taɓa buroshi. Wani, yana nan zaune, ba zan nuna shi ba, ya taɓa ce masa, “Ustoz, yanzu fa waya ƙyas take yi ta gama.”

Ya ce, “Madalla. Je ka ce mata ta ɗauko maka fuskar kakarka da ta rasu.”

Ba gatse kawai ya yi ba. Gidaje nawa ne a unguwar nan ke rataye da fuskar wanda ya tafi bai bar hoto ba? Yakan zaunar da tsohuwa, ya zuba mata shayi, ya ce, “Hancinsa irin na wane ne a cikin jikokinki? In ya yi fushi wace gira yake ɗagawa?” Ya yi ta gyara har ta rufe baki da mayafi ta fashe da kuka. A nan yake sanin ya gama.

Ya kasance wanda ba mu ba shi haƙƙinsa ba, kuma wannan yana ci mini rai. In an yi baje kolin zane, nasa kusa da inda ake rataye riguna ake kafawa. An kira shi tsohon yayi. An kira shi mai ɗaukar hoto da buroshi. Waɗanda suka koyi riƙe fensir a hannunsa suka zagaya duniya, shi ko littafi ɗaya ba a buga da sunansa ba. In na kawo masa ƙorafi sai ya ce, “Obid, ka cika surutu. Miƙo mini tsumman can.”

Zanen da nake magana a kai matan tsohuwar unguwarsu ne, wadda aka rushe, suna toya gurasa a tanderu. Mahaifiyarsa na ciki. Mavluda-opa, ke ma kina ciki, kina amarya, da gari a goshinki. A cikin ɗakin ya harhaɗa katakon ya ɗaure yadin, shi ya sa ba ya fita ta ƙofa sai an cire ƙusoshi an naɗe shi. Shafin ƙarshe kuwa ana gobe za a kai shi asibiti ya ɗora. Irin wannan fenti sama yake fara bushewa, ciki na ɗanye, sai ya kwana shekara. Wanda ya naɗe shi yau, fuska za ta manne da bayan yadi, ranar da aka warware ta ɗaye.

Shekaranjiya na ji motsi ta bango, na tarar da Shuhrat da bututun naɗe yadi da abin cire ƙusa. Na tsaya a gaban zanen.

Ya ce, “Obid-amaki, baffana, matsa. Kwana huɗu ya rage mana.”

Na ce, “Sai dai ka naɗe mu tare.”

Ya ce, “To in kai shi ina? In ban cire da hannuna ba leburori za su zo da wuƙa.”

Ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba. Shuhrat, ba ka yi laifi ba, ɗana. Tsoro ne, ni ma ina jinsa.

Farhod Zokirovich, na ga kana duba agogo. Yi haƙuri. Babu mai tashi daga shimfiɗar sadaka kafin a shafa fatiha, kuma na roƙi Domla kada ya ɗaga hannu tukuna. Ba na ce kai azzalumi ba ne. Na san akwai matashi da ke zane a ɗakin girkin surukarsa yana jiran ɗaki, kuma ka yi masa alkawari. Ɗaki ɗaya kake nema. Ba ka ce lalle sai na wane ba.

Ga makullin nawa ɗakin. Tagarsa ta fi ta Tursunali haske, ya sha yi mini hassada a kai. Na kwashe kayana jiya, abin da ya rage mini na aiki zai shiga barandar gidan 'yata. A ba yaron. Ɗakin Ustoz a bar shi a rufe har kakar baɗi, a buɗe taga da rana kawai. Na ajiye makullin a gabanka, kusa da gurasa. Ba sai ka yi magana ba, in ka yarda ka ɗauka.

Kada kowa ya sa baki. Ku bar shi ya yi tunani.

Ya ɗauka. Mutanen baya, ku gaya wa mata ya ɗauka.

Mun gode, Farhod Zokirovich. Mun gode wa masu girkin osh, shinkafar sadakar nan, da suka tsaya kan tukunya, da matan unguwa, da duk wanda ya tako. Mavluda-opa, fuskarki ta tsira.

Domla, yanzu bismilla. Allah ya jiƙan bawansa Tursunali, ya yafe masa zafin ransa, ya haskaka makwancinsa, ya ba iyalinsa dangana. Mu da muka yi jinkirin ganin darajarsa, Allah ya yafe mana. Ni kuma da zan kwana yau ba ɗaki ba maƙwabci, ku sa ni a addu'a. Amin.