Turancin Kora

A bencin shagon buga takardu, wani direba ya leƙa wasiƙar da akawun da ke gefensa yake ta shafawa.

"Malam, kai ma an kore ka ke nan?"

Akawu ya gyara wuyan riga. "Irinku ake kora. Turanci hawa-hawa ne. Direba a yi masa dismis, layi biyu. Manaja a ce ya yi ritaya don kansa. Ni an rubuta cewa an sake ni in nemi ci gaba a wani wuri."

"Maigadi ya raka ka bakin ƙofa?"

"Ya dai taya ni ɗaukar kwali."

"Ni ma haka ya taya ni. Ina ka san duk wannan?"

"Shekara goma sha ɗaya ni nake buga irin waɗannan wasiƙun a ofishinmu. Wannan ma ni na tsara ta ranar Litinin, aka ce in bar gurbin suna."

Sai da maganar ta fita ya so ya haɗiye ta.

Direba ya girgiza kai. "Allah sarki. Da ka san taka ce, ai da ka ba kanka ta manaja."