Laka a Farar Riga

Yammacin Asabar a filin tseren motoci na garinmu a jihar Iowa ta Amurka, wata mata ta tsaya kan wani tsoho a bencin 'yan kallo na can ƙasa.

"Baba, hau sama mana. Nan laka ake sha in motocin suka karyo kwana."

"Ita na zo ɗauka, 'yata."

"Da farar riga?"

"Matata tana gidan kula da tsofaffi. Da tare muke zuwa duk sati, yanzu ko sunana ba ta tunawa. Amma in ta ga jar lakar nan a rigata, sai ta hau faɗa: 'Vernon, wato ka tafi ka bar ni?'"

Matar da ke tsaye a kansa ta dubi tankar da ke yayyafa wa filin ruwa.

"Yau sun jiƙa shi sosai. Matso nan, Baba, nan ta fi zubowa."