Sojojin Jiki Sun Juya Bindiga

A ɗakin jiran likita, wata mata ta matsa kusa da wani dattijo mai kumburarrun ƙafafu, ta zaro kwalba daga jakarta.

"Sannu Baba. Ga maganin ƙarfafa garkuwar jiki, cokali ɗaya safe da yamma."

"Ai ƙarfin ne ya kawo ni nan, 'yata."

"Kamar yaya?"

"Likita ya ce akwai wasu ƙwayoyi a cikin jini, T ake ce musu, su ne sojojin jiki. Nawa sun daina gane abokin gaba, sai suka far wa jijiyoyin jinina, suna ta kumbura su. Dubi ƙafar nan. Yanzu magani ake ba ni don a rage musu zafi."

"To ai nawa zai ƙara musu kuzari."

"Sojan da ya juya mini bindiga zan ƙara wa harsashi?"

"Yana maganin komai fa, har hawan jini."

"Ke me ya kawo ki?"

"Hawan jinin ne."

"Ba kya shan naki?"

"Haba Baba, ni fa ina da yara ƙanana."